Da Sauƙi a Ƙofar Gaggawa

Ranar Juma'ar da ta wuce, a wurin mai shayin da muke zama a unguwar Al Buteen, nan Dubai, bayan an sauko daga masallaci, ɗaya daga cikinku, ku samarin da kuka zo karatu, ya ɗaga wayarsa ya ce mini, “Baba Garba, ai sana'arka ta mutu, khalas. Wannan ma tafinta ce, kuma ba ta cin shinkafa.” Kuka yi dariya, ni ma na taya ku, don ba na musu da sa'an ɗan cikina a gaban mutane. Amma maganar ta bi ni har ɗakina a International City, ta hana ni sakat. To ku zauna ku ji yadda aikin yake, in kun gama ji sai ku tambayi wayar ko za ta iya.

Sana'ata rakiyar asibiti ce. Mutum zai taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi da ciwo a jikinsa, ba Larabci, ba Turanci, ko kuwa yana da Turancin amma na ofis, ba na ciwo ba. Ni zan tarbe shi a filin jirgi, in sama masa masauki, in kama masa layin ganin likita, in zauna tsakaninsu in zama bakinsa in zama kunnensa, in sayo magani, in ya samu lafiya in mayar da shi jirgi. Fiye da shekara ashirin ke nan ina yi. Babu lungun asibiti a garin nan da ban san inda bayan gidansa yake ba, da inda ake ajiye keken marasa lafiya, da nas ɗin da ba a yi mata magana kafin ta sha kofi.

Mu biyu muka koyi aikin a hannun marigayi Alhaji Bashir, wani Bahaushen Sudan da kakanninsa suka tsaya a hanyar Makka. Ni da Lawal, ɗan Zariya, wanda na girme shi da 'yan shekaru. Ku riƙe sunan nan, don za ku ji shi har ya ishe ku. Alhaji Bashir bai bar mu mun buɗe baki a gaban likita ba sai da muka yi wata da watanni muna tura keke. Namu saurare. In mun fito sai ya tsayar da mu a inuwa ya ce, “Hajiyar nan me ta ce?” In ce, “Ta ce zuciyarta na tashi.” Ya ce, “To me za ka gaya wa likita?” Kafin in haɗa maganar a kaina, Lawal ya riga ya cafe: “Amai take ji, Alhaji, ba ruwan zuciya.” Alhaji Bashir ya gyaɗa kai ya dafa shi. Ni ma fa na sani. Bakina ne ba ya sauri kamar nasa, kuma tun daga lokacin nake jin wani abu yana sukata duk sanda aka dafa kafaɗar Lawal.

Wannan ita ce matsalar wayarku. Bara wani Alhaji ya zo da ɗansa, ɗan ya ce ba sa bukatar tafinta, yana da manhaja. Uban ya kalli wayar ya ce, “Ina fama da shawara.” Wayar ta gaya wa likita wai dattijon yana da nasihar da zai ba shi. Likita ya ajiye biro, ya gyara zama da ladabi, yana jira a yi masa nasiha, ga mutum idonsa rawaya fatau a gabansa. Da suka gaji da kallon juna aka kira ni. Haka in mutum ya ce ciwon daji, ko sanyi ya kama shi, ko kansa na sarawa, ko jikinsa ya mutu. Ku ba wayar “jikina ya mutu” ku ga abin da za ta jawo muku.

Kayan aikina ba su da yawa, duk suna cikin jakar nan da kuke tsokanata da ita. Akwai ƙaramin bargo, don sanyin na'urar asibitocin nan yana sa tsofaffi rawar ɗari, jininsu ya hau kafin a auna. Akwai dabino saboda masu ciwon suga da aka hana karyawa. Akwai leda, wadda nake sa majinyaci ya zuba duk maganin da yake sha, har na gargajiyan da yake ɓoyewa a ƙasan akwati, don in ka tambaye shi zai ce ba ya shan komai. Sai takalmi mai taushi, domin aikin nan rabinsa tafiya ce. Babban kayan aikin kuwa shi ne sanin cewa Bahaushe ba ya faɗin ciwonsa kai tsaye. Ka same shi kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce ya jiki, zai ce, “Alhamdulillahi, da sauƙi.” Ba ƙarya yake yi ba. Gaisuwa ka yi masa, ya amsa, ya gode wa Allah. In nas, wadda galibi 'yar Filifin ce, ta nuna masa hoton fuskokin nan, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ta ce ya zaɓi wadda ta yi daidai da zafin da yake ji, wallahi ba zai taɓa mai kukan ba. Kunya yake ji, kuma yana ganin kamar ƙarar Ubangiji zai kai wurin 'yar Filifin.

A shekarun da kasuwa ke ci, manyan kwastomomina alhazai ne da hajiyoyi masu zuwa sayen kaya, su haɗa da duba lafiya. Na raka mutumin da babu abin da ke damunsa sai ƙoshi, aka sa shi a na'ura tun daga kai har tafin ƙafa, aka ce lafiyarsa lau, ya fito yana fushi wai an ci kuɗinsa ba a samo komai ba. Ina riƙe masa jaka ina kallonsa, ni da haƙorina ya shekara yana damuna ina danne shi da kanumfari. A wannan lokacin ne wani babban asibiti ya ga Hausawa sun yi yawa, ya ce yana neman tafinta na dindindin. Muka nema mu biyu. Lawal yana da takardar difloma, ni sakandare na gama da ƙyar. Aka ɗauke shi.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci ni, kuma har gobe yana cina. Ba hassada ba ce, don ban taɓa ɗaga hannu na roƙi Allah ya ƙwace masa ba. Amma ƙyashi kam ina yi. Ya samu albashi, ya samu fulat mai ɗaki biyu, ya kawo iyalinsa. Ya samu kati mai hotonsa da yake ratayawa a wuya, ƙofofi suna buɗe masa da kansu, ni kuwa sai na tsaya mai gadi ya gama yi mini kallon ɗan tasha. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inshorarsa. 'Yarsa ta yi tari sau biyu, ya kai ta likitan yara. Ni tawa inshorar irin ta ƙarshen layi ce, wadda ake saye don dai a sabunta takardar zama, in ka miƙa ta a wasu wuraren sai a dawo maka da ita da yatsa biyu. In mun haɗu a baranda zai ce, “Yaya Garba, habibi, ya hanya?” da fara'arsa, da turarensa, babu girman kai ko kaɗan. Da ma yana da girman kan, da na samu abin kamawa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya canja aikin. Da can, in mutum yana da katin lafiya na asibitin gwamnati, ana duba shi da rangwame, kuma ba kowa ke tsananta tambayar ko bizarsa na da rai ba. Ko ba shi da komai, akan samu wani ofishi na taimako a yi masa sassauci. Sannu a hankali aka ɗaure komai a jikin katin shaidar zama, wato iƙama. A sa katin a na'ura, in ta ce ya mutu, to rangwame ya mutu tare da shi. Ba iƙama, ba inshora, ba sassauci, sai dai ka biya farashin da alhazan nan masu ƙoshi suke biya. Ƙofa ɗaya aka bar wa marar takarda, ita ce ƙofar gaggawa, inda ba a korar wanda ransa ko gaɓarsa ke cikin haɗari. A bakin ƙofar akwai nas mai tantancewa. Ta yi maka tambayoyi, ta ba ka launi. Ja, a shiga da kai yanzu. Rawaya, ka ɗan jira. Kore kuwa, ciwonka ba na gaggawa ba ne. Ga mai inshora kore jira ne kawai. Ga marar takarda, kore na nufin tashi ka koma ɗaki.

Sai kuma shekarar da aka rufe wa 'yan Najeriya biza ta zo ta same mu a haka. Alhazai suka daina zuwa, wayata ta yi shiru kamar an zare mata rai. Na koma ɗaurin kaya a kago, wato kamfanin tura kaya gida, da rana don in biya hayar gadon da nake kwana. Mutane da yawa da suka shekara goma suna aiki da takardunsu tsaf, aka ƙi sabunta musu, suka wayi gari ba su da sunan komai. Su ne suka zama kwastomomina, kwastomomin da ba su da abin ba ni sai addu'a. Lawal kuwa albashinsa bai yi ko tari ba.

Mun taɓa yin maganar da shi a wani gidan abinci a Al Ras. Na ce, “Lawal, wannan tsarin naku zai kashe mutane.”

Ya ce, “Namu kuma, Yaya? Ni ma baƙo ne. Amma tsakani da Allah, ƙasarsu ce, kuɗinsu ne. Ko a gida wa yake ba ka magani kyauta?”

Wani ma'aikacin banki da ke teburin kusa ya sa baki, ya ce, “Gaskiya ne. Mu duk shekara muna biyan visa, muna biyan insurance, muna bin layi. Wanda ya yi overstay kuma a ba shi discount daidai da mu? Ba adalci.”

Na kalle shi, na ga ashe shi ma ƙyashi yake yi, kuma wai da mutumin da ke kwana su takwas a ɗaki ɗaya. Ban ce maganarsu ba ta da kai ba. Na dai ce musu ciwo ba ya duba ranar da biza ta ƙare, kuma wanda aka hana ƙaramin magani yau, gobe za a karɓe shi a ƙofar gaggawa da babban ciwo. Lawal ya ce, “Wannan kuma haka ne,” ya biya kuɗin abincin duka. Har wannan ma sai da ya ba ni haushi.

Malam Isiya mai ɗaurin kaya ne a wani kago a Al Ras, mutumin Gumel, ya ba hamsin baya. In ya ɗaure kwali da igiya, har ya isa Kano ba ya motsi. Yana da ciwon suga, kuma da can yana karɓar maganinsa da rangwame duk wata. Da iƙamarsa ta mutu, magani ya gagare shi, ya koma jiƙa ganye. Wata rana ƙusar katako ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa. Ya wanke, ya ɗaure, ya ci gaba da aiki. Tsoron asibiti yake yi, yana ganin da ya miƙa sunansa za a kira 'yan sanda. Sai da abokan ɗakinsa suka kasa jure warin suka kira ni.

Da na kwance tsumman na san inda muke. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburi ya haura idon sawu, ga wani jan layi yana hawa ƙwauri. Na ga irinta ba sau ɗaya ba. In aka yi sauri, yatsu za a cire. In aka ƙara kwanaki, daga gwiwa za a yanke. Mai ɗaurin kaya kuwa da ƙafa yake danne kwali ya ja igiya, kuma yana da 'ya'ya a gida da ba su da kowa sai ƙafar nan.

Na ce, “Malam Isiya, tashi, yalla. Asibiti za mu.”

Ya ce, “Malam Garba, a bari zuwa jibi mana, inshallah zai sace.”

Na ce, “Jibi ƙafarka za a sace.”

Na fita neman tasi. Kafin in dawo, bawan Allah nan ya yi wanka ban da ƙafar, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya tura ƙafar nan cikin safa da takalmi sau ciki, ya yi ɓarin turare a jikinsa. Wai ba zai je gaban likita da ƙazanta ba. Na ce ya cire takalmin, ya ce ai ba a shiga wurin mutane haka. Ga mai tasi yana ta danna ham, dole na haƙura. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce ɗaurin aure za shi.

A cikin tasi na yi ta yi masa karatu. Na ce, “Za a tambaye ka ya jiki. Kada ka ce da sauƙi. Ka ji ko? Ka ce ciwo, ka ce ba ka barci, ka ce zazzaɓi. In an nuna maka fuskoki, ka taɓa mai kuka.”

Ya ce, “To.”

Na ce, “Maimaita.”

Ya ce, “Ciwo. Ba barci. Mai kuka.” Har da ɗan murmushinsa.

Asibitin da ya fi kusa shi ne wanda Lawal ke aiki. Na so in wuce shi, amma ƙafa ba ta san da ƙyashina ba. Na ɗora Malam Isiya a keke na tura shi gaban nas mai tantancewa, wata 'yar Filifin da ta daɗe a wurin. Na buɗe baki zan fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta ce yanzu doka ta hana tafintan waje, sai na asibiti, ni in tsaya a bayan keke in yi shiru, in ba haka ba in fita. Shekara ashirin da ɗoriya, aka mayar da ni ɗan tura keke kamar ranar da na fara. Ta buga waya, sai ga Lawal ya taho, kati na lilo a ƙirjinsa.

Ya gaishe ni, ya gaida Malam Isiya. Nas ta ce a tambaye shi yadda yake ji. Lawal ya ce, “Malam, sannu. Ya jikin?”

Malam Isiya ya gyara hula ya ce, “Alhamdulillahi. Da sauƙi.”

Na ji kamar in ɗaga keken in juye shi. Abin da ya fi muni, nas ɗin nan ta ga Hausawa da yawa har ta haddace kalmar. Ta washe baki ta ce, “Da sauki! Good, good!” Ta nuna masa fuskokin, ya duba, ya duba, ya ɗora yatsa a kan wadda ta ɗan ɓata rai kaɗan. Zazzaɓinsa bai yi tsanani ba don ya sha maganin ciwon kai kafin mu fito. Ga shadda, ga turare, ga takalmi. Na ga hannunta ya nufi kore.

Da ni ne a wurin Lawal, na san abin da zan yi, don shi na saba yi. Zan ce mata ya ce ciwon ya yi tsanani, in ƙara gishiri, in ɗaga murya. Amma yau ta ji da kunnenta, kuma Lawal ma'aikaci ne, in ya juya magana aikinsa ne a kan layi. Na ce a raina, to ɗan difloma, bari mu ga abin da katin wuyanka zai yi.

Lawal ya ce mata da Turanci, “Wannan gaisuwa ce muka yi, ban fara tambaya ba tukuna. Shwaiya, dakata kaɗan.” Sai ya durƙusa a gaban keken, da wandonsa mai guga, har gwiwarsa na taɓa ƙasa. Ya sassauta murya.

“Malam, godiyar da ka yi Allah ya ji, mu ma mun ji. Tambaya ɗaya zan yi maka. Sallar asuba ta yau, a tsaye ka yi ta ko a zaune?”

Malam Isiya ya kalli ƙasa. Ya ce, “A zaune.”

“Ta jiya fa?”

“A zaune.”

“Rabonka da tsayuwa?”

“Tun kafin watan nan ya kama.”

“Alwala fa? Kana wanke ƙafar?”

“A'a. Ruwa ba ya taɓa ta. In ya taɓa, sai in ga duhu.”

“Sujada?”

Ya ce, “Da ka nake nuni, ɗana. Ba na iya lanƙwasa ta.”

Lawal ya miƙe ya mayar wa nas da maganar kalma bayan kalma, bai ƙara ko ɗigo ba. Sannan ya ce mata mutumin nan yana salla sau biyar a rana tun yana yaro, kuma makonni ke nan bai iya tsayawa a kan ƙafarsa na minti biyu a gaban Ubangijinsa ba, ta cire takalmin ta gani. Ta sa safar hannu ta zare takalmin. Safar ta manne, sai da ta sa almakashi. Abin da turare ya ɓoye ya fito fili. Ban ƙara ganin haƙoranta ba. Ta danna ƙararrawa, mutum biyu suka zo suka karɓe keken daga hannuna, ƙofa ta rufe, aka bar ni da takalmi ƙafa ɗaya.

Na zauna a kan benci ina murna, ina kuma jin wani ɗaci. Bahaushe zai ɓoye wa likita ciwonsa, zai ɓoye wa matarsa, amma ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba. Abu ne a fili kamar tafin hannu. Na yi shekaru ina yi wa majinyata karatu a tasi, ina yi musu tsawa, ina ƙara gishiri a gaban likitoci, wannan tambayar ba ta taɓa zuwa kaina ba. Da Lawal ya fito na tare shi, na ce, “Faɗa mini gaskiya. Alhaji Bashir ne ya koya maka wannan a bayan idona?” Ya yi dariya ya ce, “Haba Yaya. Haka nake gane jikin tsohuwata in na kira gida.” Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Har yau ina zargin marigayin.

Yatsu biyu aka cire, ƙafa ta tsira. Amma ƙofar gaggawa tana ceton ka ne ta sake ka. Da aka sallame shi, wankin ciwo da allurar suga da komawa ganin likita duk suka koma farashin masu ƙoshi. Nan aikin ya dawo kaina. Ni na bi 'yan kasuwar Al Ras shago shago bayan Juma'a ina neman gudummawa. Ni na samo wani ƙaramin asibiti da ya yarda ya riƙa wanke ciwon da sauƙin kuɗi. Ni nake goya shi a matakalar gidansu, don babu lif, ga shi ba ƙaramin mutum ba. Lawal ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo, ya zauna kaɗan, ya tafi aiki.

To ku je Al Ras yau ku tambayi labarin. Za a ce muku Malam Lawal na asibiti ne ya ceci ƙafar Isiya. Shi kansa Malam Isiya, ina goye da shi a matakala, numfashina na fita da ƙyar, yake ce mini a kunne, “Kai, Malam Garba, yaron nan Lawal ɗan albarka ne.” Na ce, “Ƙwarai.” Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Zama ba takarda da irin wannan ciwo ba zai yiwu ba, shi ma ya gane. Da hukuma ta buɗe afuwa ga waɗanda bizarsu ta ƙare, ta ce su fita ba tara, na raka shi aka yi masa takardar fita. Ranar tafiya da hantsi na kai shi filin jirgi. Ma'aikata suka kawo masa keke, ya ce a mayar. Ya taka da ƙafafunsa biyu, yana ɗan ɗingishi, ni ina biye da jakarsa, har bakin inda ba a barin mai rakiya ya wuce. Can ya tsaya ya rungume ni, ya yi mini addu'a mai tsawo har idona ya kawo ruwa. Sannan ya buɗe jakar, ya zaro wata hula zanna bukar sabuwa fil a cikin leda, irin wadda na daɗe ina so ban saya ba. Ya ce tun zuwansa Dubai yake ajiye da ita, bai taɓa sawa ba. Ya damƙa mini a hannu biyu.

Ya ce, “Don Allah, Malam Garba, ka kai wa Malam Lawal.”

Na kai masa. Ya sa ta a gabana, kuma ta yi masa kyau.